Ruwan Narkarwa a Gwajin NMR na Furoton

A gwajin NMR na furoton, ana narkar da sinadarin da za a bincika cikin ruwan da aka maye gurbin haidirojinsa da diyuteriyam. In aka yi amfani da ruwa na gama-gari, yawan furotonsa zai danne siginar sinadarin baki ɗaya. Na'urar kuma da siginar diyuteriyam take daidaita ƙarfin maganaɗisunta kada ya goce.

Kuloroform mai diyuteriyam, CDCl3, shi aka fi ɗauka saboda araha da saurin ƙafewa. Ɗan haidirojin da ya rage a cikinsa yana fitowa a 7.26 ppm, danshi kuma a wajen 1.56. Illarsa ita ce in ya daɗe a haske yakan yi tsami ya ɓata sinadarai masu rauni.

Wani ruwan narkarwar mai diyuteriyam, DMSO-d6, yana narkar da abin da kuloroform ya kasa. Siginarsa tana 2.50, mai reshe biyar, ta danshi kuma 3.33. A cikinsa furoton na OH da NH ba sa saurin musanya wuri, don haka sukan fito sarai. Kwato sinadarin daga baya ne aiki, domin ruwan ba ya ƙafewa da sauƙi. A D2O kuwa, wato ruwa mai diyuteriyam, siginonin furoton na OH da NH ɓacewa suke yi, abin da masana ke amfani da shi wajen gane su.

A 1997 Gottlieb da Kotlyar da Nudelman na Jami'ar Bar-Ilan suka wallafa jadawalin siginonin ragowar ruwa da gurɓatattun sinadarai, wanda ɗakunan gwaji ke dubawa har yau.