Takin gonakin rake da lafiyar duwatsun murjani

Mai shan rake a birnin Katsina zai yi mamaki idan aka ce masa noman rake na iya yin illa ga halittun da ke ƙarƙashin teku. Amma a ƙasar Ostireliya masana kimiyya sun shafe shekaru suna nazarin wannan alaƙa.

Mene ne duwatsun murjani?

Murjani wasu 'yan ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ke gina wa kansu gidaje masu tauri. Gidajen kan taru bisa juna tsawon dubban shekaru har su zama duwatsu, inda kifaye ke fakewa suna hayayyafa. Dangi ne na jan murjanin da mata ke ado da shi.

Jerin duwatsun murjani mafi girma a duniya shi ne Great Barrier Reef, mai tsawon kilomita kusan 2,300 a gaɓar jihar Queensland. A shekarar 1981 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. A wannan jiha ce kuma ake samar da kimanin kashi 95 cikin 100 na sukarin Ostireliya.

Ta yaya taki ke isa teku?

Rake shuka ce mai cin taki. Idan manomi ya zuba fiye da abin da shukar ke buƙata, ruwan sama mai ƙarfi kan wanke ragowar zuwa koguna irin su Herbert da Tully da Burdekin, su kuma su kai shi teku tare da laka da maganin kashe ciyawa.

Laka na gurɓata ruwa ta tare hasken rana, alhali murjani na dogara ne da wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a jikinsa, masu haɗa masa abinci da hasken. Shi kuwa sinadarin naitrojin na taki yana ciyar da gansakuka, wadda ke mamaye wurin da sabon murjani zai kafu.

Akwai kuma wata halitta mai siffar tauraro, jikinta duk ƙaya, wadda ke cin murjani. Masana da dama na ganin cewa yawan taki a ruwa na ƙara wa 'ya'yanta abinci, shi ya sa takan yi annoba. Wani binciken Cibiyar Kimiyyar Teku ta Ostireliya da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa rabin murjanin ya salwanta daga 1985, kuma kashi 42 cikin 100 na asarar wannan halitta ce ta haddasa.

Sai dai masana sun yi ittifaƙi cewa ɗumamar teku ce babbar barazana, kamar yadda aka gani a 2016 da 2017 da 2024. Gurɓataccen ruwa na hana murjanin farfaɗowa da wuri.

Wane mataki aka ɗauka?

A 2003 gwamnatin tarayya da ta Queensland suka ƙaddamar da shirin kyautata ruwan da ke shiga tekun. A 2019 majalisar jihar ta tsaurara doka kan yawan takin da za a zuba, lamarin da ƙungiyoyin manoman rake suka yi adawa da shi, suna masu cewa zai ƙara musu ɗawainiya.

Ina ruwan arewacin Najeriya?

Babu teku a Katsina, amma akwai madatsun ruwa irin su Ajiwa, wadda birnin ke sha daga gare ta, da Zobe da Jibiya. Duk takin da ruwa ya wanke daga gona ko fadama, gangarawa yake yi, kuma a madatsa yakan haifar da gansakuka, ya rage iskar da kifi ke shaƙa, ya ƙara tsadar tace ruwa.

A dausayin Haɗeja zuwa Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Sauyin tafiyar ruwan ne babban dalili, amma ciyawar na daɗa bunƙasa a ruwa mai taki.

Shawarar malaman gona ita ce a zuba taki gwargwadon buƙata, a raba shi kashi-kashi, a rufe shi da ƙasa, a kuma bar ciyawa a bakin rafi. Takin da ruwa ya tafi da shi, kuɗin manomi ne ya tafi.