Folifurofilin: robar da ake saƙa buhu da ita

Folifurofilin wata irin roba ce da ake samarwa daga iskar furofilin, wadda ke fitowa wajen tace ɗanyen mai da sarrafa iskar gas. Tana cikin robobin da ke narkewa idan sun ji wuta, su daskare idan sun huce, a kuma iya sake narkar da su. Masanin kimiyyar Italiya, Giulio Natta, ya samar da nau'inta mai ƙwari a 1954, aka fara yin ta don kasuwa a 1957. A Nijeriya, kamfanin Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas yana sarrafa ƙwayoyinta. Alamarta a gindin kaya ita ce lamba 5 cikin alwatika, ko haruffan PP.

Ba ta da nauyi, har takan taso saman ruwa. Ba ta shan ruwa, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 160 take narkewa. Da ita ake yin kujerun biki, tabarmar roba, igiya da sirinji.

A tsakiyar Jigawa, babban aikinta shi ne buhu. Galibin riɗi, zoɓo, gero da shinkafar da ake lodi a kasuwannin Shuwarin da Gujungu, cikin buhun da aka saƙa da zarenta suke tafiya. Araha da rashin ruɓewa ne suka sa ya ture buhun algarara.

Sai dai rana ce ajalinsa, kuma nan ne ɗan kasuwa ke tafka asara. Hasken rana yana tsinka sinadarin robar sannu a hankali, buhu ya koɗe, ya yi gautsi, ranar da ɗan dako ya ɗaga shi ya yage. Jibge kaya a fili tsawon watanni, a rana irin ta Dutse, ganganci ne. Rumfa ko tamfol ta fi asarar sauƙi.

Saƙarsa kuma tana barin iska ta shiga, don haka ba ya hana ƙwari cin wake. Shi ya sa buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ke da leda biyu masu kauri a ciki: su ke toshe iska, folifurofilin na waje ya ɗauki wahalar lodi.