Yadda Ake Kare Takalmi Daga Ruwan Damina Da Bushewar Hunturu A Abuja

A Babban Birnin Tarayya, damina kan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba, sannan hunturu ya biyo baya da ƙura da busasshiyar iska daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan sauyi daga laima zuwa bushewa shi ya fi lalata takalmin fata, domin ruwa kan fitar da maiƙon da ke cikinta, idan ta bushe kuma sai ta ƙage ta tsattsage.

Fata mai santsi, irin ta sau-ciki da takalman jami'an tsaro, ita ta fi buƙatar kulawa. Da farko a goge taɓo da ɗanyen tsumma, a bar takalmin ya sha iska a inuwa, a cusa masa tsohuwar jarida don ta tsotse danshin ciki. Shanya shi a rana ko kusa da wuta babban kuskure ne, domin zafi kan ƙanƙance fata ya kuma saki gam ɗin tafi. Bayan ya bushe sai a shafa man takalmi ko kakin zuma, a dage wajen ɗinki da mahaɗar fata da tafi, domin ta nan ruwa ya fi shiga. Man Kiwi da 'yan shushaina ke yawo da shi a Wuse da Garki, wanda aka fara sayarwa a Ostareliya a 1906, yana ɗauke da kaki, amma sheƙi ya fi bayarwa. Takalmin aiki na buƙatar abin da ya fi shi maiƙo. Man kaɗanya kaɗan yana tausasa fata, sai dai yana duhunta launinta.

Fatar da aka jeme da bagaruwa, kamar yadda majeman Kano suka gada, tana saurin shan ruwa ta yi tabo. Takalman gargajiya na fatar jar akuyar Sakkwato ba na ranar ruwa ba ne.

Fata mai laushin gashi, wadda ake kira suwed, ba ta son mai ko kaki ko kaɗan. Buroshi mai laushi da maganin feshi na hana ruwa su ne nata. Kambas kuwa a wanke shi da sabulu da hannu, takalmin roba a ɗauraye a kife shi a inuwa.

Ajiya ma tana da nata haɗari. A watannin Agusta da Satumba, takalmin da aka rufe cikin leda kan yi fumfuna, wanda ake gogewa da ruwan khal da aka sirka da ruwa. Tafin soso na wasu takalman aiki kuma kan rududduge idan ya daɗe a wuri mai laima ba a sawa, ko da sabo ne.