Fata, Mazurari da Durom: Masu Tace Man Jiragen Feshi a Jazira

A gidanmu akwai wani durom shuɗi da muke tara ruwan wanka, kuma sai da na girma na san cewa na man jirgin sama ne. Kawuna ne ya zo da shi daga wani filin saukar jiragen feshi kusa da kambonmu a Jazira, inda ya yi shekaru yana aikin da ba a rubuta sunan mai yin sa a ko'ina, wato tace fetur kafin a ɗura wa jirgi.

Yadda muka zo ƙasar nan sananne ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa har suka zauna a bakin Bahar Azrak, kudu da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu kuma alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, ruwa ya shiga gonakin Jazira kimanin fadan 300,000, kuma hannayen da suka yi ta tsinkar audugar da yawansu na mutanenmu ne. A wannan shekarar dai, ranar 1 ga Nuwamba, jirage uku na sojan Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka Kano, bayan sun taso daga Masar sun biyo ta Khartum, Fashir da Maiduguri. Hanyar da kakanninmu suka yi shekaru suna takawa da ƙafa, ita jiragen suka bi a juye cikin 'yan kwanaki.

Jirgi bai shigo rayuwar ƙauyukanmu sosai ba sai da ƙwari suka addabi auduga. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa DDT a Jazira, ba da jimawa ba feshin ya koma ta sama. Da aka buɗe yankin Manakil, fili ya kai wajen fadan miliyan biyu, wanda babu yadda za a yi da shi da ƙasa. Feshin da a da sau ɗaya ne a shekara ya yi ta ƙaruwa, zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya kai takwas ko tara. Kowane tashi kuwa mai yake ci, kuma man nan a duromomi masu cin lita 200 yake zuwa, a jibge su a fili babu inuwa.

Nan ne matsalar take. Fetur ɗin jirgi mai farfela yana da saurin zama tururi. Durom ya wuni a ranar Oktoba, wadda a wurinmu ba ta da sauƙi ko kaɗan, sannan a ɗura man cikin tankin da shi ma ya sha rana. Famfon da ke jikin inji zuƙo mai yake yi, kuma duk inda aka zuƙa, matsi yana raguwa. Mai mai zafi idan matsi ya ragu a kansa sai ya fara tafasa tun cikin bututu. Famfo kuwa an yi shi ne don ruwa, ba ya iya kama kumfa. Sai inji ya yi tari, ya sarƙe, wani lokaci ya mutu. Jirgin da yake can sama yana da lokacin gyara kansa. Jirgin feshi kuwa 'yan mitoci ne tsakaninsa da kan auduga, gabansa ga gaɓar kwata, ga bishiya.

Masu ƙera jirage sun daɗe da sanin wannan, kuma maganinsu ɗaya ne a asali: a tura mai ya fi a jawo shi. Shi ya sa ake sa ƙaramin famfon lantarki a ƙasan tanki ko a cikinsa, ya riƙa danna mai zuwa ga babban famfo, a kuma nisanta bututun mai daga wuraren zafi na inji. Jirgin da tsofaffinmu suka fi tunawa shi ne An-2, mai fukafukai biyu sama da ƙasa, wanda ya fara tashi a 1947, Polan ta ci gaba da ƙera shi a Mielec daga 1960, matuƙanta kuma suka yi aiki da shi a Jazira. Tankunansa shida suna cikin fiffiken sama, suna cin lita 1,200, saboda haka nauyin man da kansa yana taimakon famfo. Yana da famfon hannu a ɗakin matuƙi, yana kuma da nasa famfon da yake zuƙar mai kai tsaye daga durom. A ganina wanda ya tsara haka ya san irin ƙauyen da jirginsa zai kwana.

Amma famfo komai kyansa ba ya raba mai da ruwa. Durom da aka sha rabi yana numfashi: da rana iska ta fita, da dare ta shigo da raɓa, ruwa ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta biyo. Ga ƙurar habub da take shiga ko'ina. A cikin jirgi akwai rariya mai manyan idanu kafin famfo, da matata mai ƙananan idanu, da 'yar kafa a ƙasa da ake tsiyayar da mai kowace asuba a duba a kwalba. Duk waɗannan tsaro na biyu ne. Na farko shi ne kawuna, da babban mazurari, da wata fata mai laushi ta tunkiya da aka jeme da man kifi.

Ya taɓa nuna mini da kananzir a tsakar gida. Ya ce, "Ka ga, ɗan nan, sai ka fara jiƙa ta da mai. In ta sha mai, ruwa ba ya wucewa, sai ya taru kamar ƙwai a kanta. In ruwa ta fara sha, ka ɓata aikin."

Na ce, "Kawu, in ta huje fa?"

Ya ce, "Kullum sai na ɗaga ta ga rana kafin in shimfiɗa."

Sauran ƙa'idojin ya haddace su kamar karatun allo. Durom a kwance ake ajiye shi don kada ruwan sama ya taru a bakinsa. In an tayar da shi a bar shi ya natsu. Tiyon zuƙa kada ya taɓa gindi. Sannan a ƙulla waya tsakanin mazurari da jikin jirgi, domin mai idan yana ratsa fata yana tara wutar da tartsatsi ɗaya ya isa.

Sau ɗaya abin ya kwaɓe a gabansa. Wata shekara da ƙwari suka yi yawa, wani mai kula da aikin ya matsa a yi sauri, aka ɗura daga durom da aka sauke daga mota yanzu-yanzu. Jirgin ya tashi, ya yi zagaye biyu, inji ya ɗauke, ya dira cikin laka. Matuƙin ya fito da ƙafarsa. Wanda aka sallama ranar ɗan kambonmu ne mai juya famfo, ba wanda ya ba da umarni ba.

A manyan jiragen yau lissafin ya juye. Mai ne yake sanyaya man inji ta wata na'ura da suke gogayya a ciki ba tare da sun haɗu ba, zafin kuma ya narkar da ƙanƙarar da ke cikin man. Ranar 17 ga Janairu 2008 wani Boeing 777 da ya taso daga Beijin ya faɗi dab da titin sauka a Heathrow ta Landan, domin ƙanƙara ta toshe bakin wannan na'ura. Ruwa ne dai a cikin mai, wanda kawuna yake farauta da fatarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an kula da tsabtar abin da jirgi zai sha fiye da abin da mutum zai shaƙa. Masu riƙe tuta a bakin gona don nuna wa matuƙi layi, da yawansu samarinmu ne, kuma maganin a kansu yake sauka. Kwatar da muke ɗiban ruwa tana gefen gonar. Feshin ma bai biya ba a ƙarshe: ya kashe ƙwarin da suke cin farin ƙuda, farin ƙuda ya yi yawa, audugar Sudan ta yi danƙo, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, har aka daina DDT a kan auduga a farkon shekarun 1980. A wasu gidaje na ga ana tara ruwa a duromomin maganin kansa. Kawu ya hana a shigo mana da irinsu, yana gane su da wari ko an wanke sau goma.

Da yaƙi ya iso Wad Madani a Disamba 2023 muka bar gidan da abin da hannu zai iya ɗauka. Durom ɗin yana can, in yana nan. Fatar kuwa gwaggo ta naɗe ta cikin kayanta, ta bushe ta yi tauri, har yanzu tana ɗan warin fetur.