Zalunci ko Rashin Adalci: Nazarin Kalmomi daga Tarihin Bakolori

Duk mai sauraren labaran rediyo da Hausa ya san yadda "rashin adalci" ta zama ruwan dare a bakin masu fassara da jami'an gwamnati. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan furuci, duk da ingancinsa a nahawu, ya fi sauran kalmomin da Hausa ta tanada rauni, domin yana faɗin abin da aka rasa ba tare da nuna wanda ya aikata ba. Zan gwada wannan ra'ayi da abin da ya faru a madatsar ruwa ta Bakolori.

Kowane harshe da inda ya ɗebo sunan cuta. Turanci yana da kalmomi biyu da ake yawan haɗawa. Ta farko, unfair, kishiyar fair ce, wadda asalinta a tsohon Turanci ke nufin kyakkyawa, ita ce ake ji a filin wasa da wurin rabo. Ta biyu, unjust, ta shigo ta hanyar Faransanci daga kalmar Latin mai nufin doka, don haka ta fi zama a kotu. Harshen Latbiya, ƙasar da ke bakin tekun Baltik, ya bi wata hanya: netaisnība ta fito daga taisns, wato miƙaƙƙe, sai cuta ta zama karkata. Dukkan ukun an gina su ne da ɗafin korewa, kamar dai "rashin adalci". Amma Latbiyanci yana da wata kalma, pārestība, mai ɗauke da ma'anar yin abu a bisa kan mutum. Wannan ita ce 'yar'uwar danniya tamu.

Hausa kuwa ta aro "zalunci", "adalci" da "haƙƙi" daga Larabci, kuma malamai sun daɗe suna bayyana zalunci da ajiye abu ba a muhallinsa ba. Sai dai kalmomin gida sun fi kaifi, saboda kusan dukkansu aiki ne da wani ya yi wa wani. Akwai ƙwace, akwai danniya, akwai fin ƙarfi, akwai babakere. Sa'an nan ga dangin "ci": cin zali, cin amana, cin zarafi, cin mutunci, cin hanci. Bahaushe yana kallon azzalumi a matsayin mai haɗiye abin da ba nasa ba. Ba za ka ce an yi ƙwace ba sai mai sauraro ya tambaya, wa ya ƙwace, na wa aka ƙwace? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya gane wannan. A littafinsa Kitabul Farƙi, ko da yake da Larabci ya rubuta, da ya zo lissafa ɓarnar sarakunan zamaninsa sai ya kira kowace da sunanta na Hausa, irin su jangali da gaisuwa da kamuwa, don kada wani ya ce bai san abin da ake nufi ba.

An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978. A lokacin yankin yana cikin Jihar Sakkwato, domin sai 1996 aka yanke Zamfara. Tafkin ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane. A ƙasar Mafara da Bakura kuwa aka hana manoma shiga gonakinsu yayin da ake baje ƙasa don noman rani, aka sare itatuwan da suke ci daga gare su. Mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da shinkafarsu da kamun kifinsu suka dogara da ita. Da biyan diyya ya yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin wurin aiki. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Wasu majiyoyi suka ce sun haura 380. Masana irin su Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman sun yi rubutu a kan lamarin.

To, wace kalma ta dace? In aka ce an yi wa manoman Bakolori rashin adalci, ba a yi ƙarya ba, amma an dunƙule abubuwa daban-daban cikin furuci ɗaya mai laushi. Karɓe gona daga mai ita ba da yardarsa ba, ƙwace ne. Alkawarin diyya da ba a cika a kan lokaci ba, cin amana ne. Tura bindiga ga wanda ya fito neman haƙƙinsa, fin ƙarfi ne, irin wanda Hausawa ke cewa a dake ka a hana ka kuka. Kowane ɗaya yana da mai aikatawa, kuma kowane yana da irin gyaran da yake bukata.

Ita kanta "diyya" ta cancanci a tsaya a kanta. A fiƙihu, diyya fansar rai ce ko ta gaɓa, abin da ba ya dawowa. Da Hausa ta miƙa kalmar zuwa kuɗin gona, ta nuna matsayin gona a wurin manomi: gado ce, ita ce cinsa, ita zai bar wa 'ya'yansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta tanadi biya a kan amfanin gona da gine-gine, ban da ƙasar kanta. Jami'i da manomi suna furta kalma guda, kowa da abin da yake aunawa. Ina ganin wannan saɓani na ma'ana yana cikin abin da ya hura wutar rikicin, ko da yake ba shi kaɗai ba ne.

Mai suka zai iya cewa kalmomi masu zafi suna tunzura jama'a, kuma aikin ɗan jarida da alƙali shi ne sanyaya harshe. Akwai gaskiya a ciki. A Zamfara ta yau har masu ɗauke da bindiga a daji suna fakewa da cewa an zalunce su, alhali su ma suna zaluntar ƙauyukan Maradun da maƙwabta. Amma wannan ma goyon bayan hujjata yake yi. Kalmar da ba ta fayyace wane ne, me ya yi, wa ya yi wa, kowa zai iya jan ta zuwa gefensa. Maganin haka shi ne ƙarin tantancewa.

Akwai kuma kalmar da ban sami takwararta guda ɗaya a Turanci ba, wato alhaki. Alhaki nauyin cutar ne da ke manne da mai cuta ko da kotu ba ta zauna ba. Shi ya sa ake cewa kuikuyo ne, mai shi yake bi. Talakan da ya ce "Allah ya isa" ya ɗaukaka ƙara ne zuwa inda yake da yaƙinin za a saurare shi.

Ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman na Gusau da Sakkwato, da su je Mafara da Bakura da Maradun su naɗi bayanin dattawan da suka ga 1980 da idonsu, da kalmomin da su kansu suke amfani da su, tun suna raye.