Daga Gado zuwa Takarda: Matsayin Mutum a Ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Darasinmu na yau tarihi ne. Za mu duba yadda matsayin mutane yake a da, da hanyoyin da talaka ya bi ya ɗaukaka.

Bayan jihadin 1804, sarakunan Katsina da na Gobir suka yo arewa. Katsinawa suka zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa suka kafa Tsibiri a 1836, cikin ƙasar Gidan Rumji ta yanzu. Agye da Gazawa kuwa suna ɓangaren Katsinawa.

A wancan zamani jama'a hawa-hawa ce. A sama akwai masu sarauta, su ke karɓar haraji, su ke jan yaƙi. Sai malamai da fatake. Sai talakawa manoma. Sai masu sana'ar gado: maƙera, dukawa, mahauta, wanzamai da maroƙa. A ƙasa duka akwai bayi. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, har wajen aure ana tambayar asali.

Amma ko a lokacin ƙofa ba a rufe take ruf ba. Bawan sarki yakan sami sarauta ya fi ɗa ƙarfi. Wanda ya kama sana'ar da bai gada ba ana ce masa shigege. A wajen Anna, manomin da ya tara dami dubu yakan yi bikin dubu, ya rabar da hatsi, ya zama sarkin noma.

Zuwan Nasara ya sake al'amura. A 1905 Faransa ta hana cinikin bayi. A 1946 aka soke aikin tilas. Amma lanho sai da kuɗi, don haka manoma suka duƙufa ga noman gujiya. Masu awon gujiya suka yi arziki, suka je Makka. Daga cikinsu ne aka sami alhazan Maraɗi, wasunsu ƴaƴan talakawa ne. Lakkol ma ta buɗe wata ƙofa. Ƴaƴan talakawan da aka kai da ƙarfi, su ne suka zama ma'aikata bayan mulkin kai na 1960.

Farin 1973 da 1974 ya karya noman gujiya. Jama'a ta ƙaru, daji ya ƙare, gandu ya rarrabu. Yau abin da ya fi raba mutane a ƙauyukanmu shi ne gona. Mai hali yana saye. Marar hali yana jingina tasa lokacin yunwa, ya koma ƙwadago ko ya tafi cin rani Najeriya. Mata da yawa sun rasa gamanarsu.

To, ga inda karatu ya shigo. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, masu ba da takardar saye, ta aro ko ta jingina. Wanda bai iya karatu ba yakan dangwala yatsa bisa takardar sayarwa, shi kuwa yana zaton jingina ce. Wanda ya iya, zai karanta kafin ya sa hannu, gonarsa ta tsira.

Asali ba a zaɓensa, amma aji a buɗe yake ga ɗan sarki da ɗan maƙeri, namiji da mace. Ku tambayi dattawan garinku sana'ar kakanninku, ku rubuta layi biyar, ku kawo wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.