Jabba da siket: kalma ɗaya, hanyoyi biyu

Idan limami ya fito sallar Idi a Garo ko Gwarzo sanye da jabba, ba wanda zai yi zaton sunan rigar tasa yana da dangi a birnin Paris. Amma yana da shi, kuma dangin siket ɗin mata ne.

Asalin kalmar Larabci ce, *jubba*, doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba da ake ɗorawa a kan tufafi. Ta zo a hadisin Mugira ɗan Shu'uba, inda ya ba da labarin Annabi (SAW) ya sa wata jubba mai matsattsen hannu a tafiyar Tabuka, har sai da ya fito da hannayensa ta ƙarƙashinta kafin ya yi alwala.

Daga ƙasashen Larabawa kalmar ta rabu gida biyu. Ɗaya ta ratso Sahara tare da fatake da malamai zuwa birane irin su Kano, inda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa kasuwar Kurmi. A nan ta zama jabba, ta zauna a kafaɗun malamai da alƙalai da masu sarauta.

Ɗayar kuwa ta haye Bahar Rum. Musulmi sun shiga Andalus a 711, sun fara cin tsibirin Sisili a 827, ga kuma cinikin da bai yanke ba tsakanin gaɓar nan da waccan. Mutanen Sifaniya suka ɗauke ta har da "al" ɗinta, suka ce *aljuba*, daga baya suka fitar da *jubón*, ƙaramar riga mai kama jiki. A Italiya ta zama *giubba*, wato kwat. A Fotugal ta zama *gibão*, sunan da makiyayan arewa maso gabashin Brazil ke kiran rigarsu ta fata da shi har yau. Faransawa suka ce *jupe*, wadda da farko rigar maza ce, sai a ƙarni na 17 ma'anarta ta tsaya a kan abin da mace ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa ƙasa.

Mulkin mallaka ne ya sake haɗa hanyoyin biyu. Ɗaliba a Maraɗi tana koyon *jupe* a aji, ta koma gida ta tarar da jabbar kakanta a rataye, ba tare da ta san uwarsu ɗaya ba. Ashe girman da muke gani a jabba ba a cikin sunan ya zo ba. Waɗanda suka sa ta a ƙasar Hausa ne suka ba ta shi.